Izgar Gogen Turawa: Abin da Ake Dubawa Kafin a Biya Kuɗi

A cikin dangin gogen Turawa, wanda ya ƙunshi biyolin da biyola da celo da kuma babban bas, babu abin da wanda ba makaɗi ba ya fi rainawa kamar izga, wato siririyar sandar nan mai ɗauke da gashin wutsiyar doki wadda ake ja a kan tsirkiya domin ta yi amo. Mai kallo daga nesa yakan ɗauka akwatin gogen ne ke yin komai, izga kuwa 'yar rakiya ce, alhali ƙwararrun makaɗa sun san cewa murya kawai akwatin ke bayarwa, amma jan sauti ko datse shi, da ɗaga shi ko sassauta shi, duk aikin hannun dama ne da abin da hannun ke riƙe da shi. Wannan ya sa ƙera izga ya zama sana'a mai zaman kanta, dabam da ta masu sassaƙa goge, tana da kasuwarta da dillalanta da masanan da ake biya domin su tantance asalin kowace sanda. A wannan kasuwa mai saye yakan faɗa tarko ne idan ya cuɗa tambayoyi biyu masu kama da juna amma ba ɗaya ba: wace izga ce ta dace da hannunsa da gogensa, da kuma wace izga ce masu kuɗi suka fi ɗaukakawa. Amsar tambayar farko tana kunne da yatsu, ta biyu kuwa tana hatimi da takardu, kuma sau da yawa amsoshin ba sa haɗuwa a kan sanda guda.

Kafin a kai ga ciniki, wajibi ne a san yadda izga ke sa tsirkiya yin magana. Gashin doki shi kaɗai santsi gare shi, idan aka ja shi a kan tsirkiya zamewa kawai zai yi, shi ya sa ake shafa masa ƙaro, wanda a wajen Turawa daskararren ruwan bishiyar fayin ne da aka dafa aka tace. Ƙaron yana sa gashin ya kama tsirkiyar ya ja ta gefe, har sai ƙarfin ɗaurinta ya rinjayi riƙon, sai ta suɓuce ta koma baya, gashin ya sake kama ta, haka abin zai yi ta maimaituwa sau ɗaruruwa a cikin daƙiƙa ɗaya, kamar sau 440 a tsirkiyar da makaɗa ke daidaita sauti da ita. Masanin kimiyyar Jamus Hermann von Helmholtz ne ya fayyace wannan motsi a littafinsa na 1863. Ka'idar ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ganin mai goge ko mai kukuma a ƙasar Hausa yana murza ƙaro a izgarsa kafin ya fara kiɗa, domin abin da ya sa kukumar Garba Supa ko ta Hassan Wayam ta yi magana shi ne dai yake sa biyolin magana a Faris. Bambancin yana ga sandar: ta Bahaushe gajeriya ce mai lanƙwasa waje kamar baka, ta Turawa kuwa doguwa ce mai lanƙwasa ciki ta fuskanci gashin, kuma a kan wannan lanƙwasa ta ciki aka gina kusan duk abin da ake biyan kuɗi dominsa.

Izgar Turawa ma ba haka ta faro ba. A ƙarni na 17 da farkon na 18 gajeriya ce, miƙaƙƙiya ko mai ɗan lanƙwasa waje, da siririn kai, wadda ta dace da kiɗan rawa mai gajerun sautuka amma ba ta iya riƙe dogon sauti da ƙarfi iri ɗaya daga gindi har ƙarshe. Da zaurukan kiɗa suka ƙara girma kuma masu tsara kiɗa suka fara neman dogon sauti mai kama da muryar mawaƙi, sai maƙera suka shiga gwaje-gwaje, har wani mutumin Faris mai suna François Xavier Tourte, wanda ya rasu a 1835, ya tsayar da siffar da ake bi har yau, a wajajen 1785 zuwa 1790. An ruwaito cewa aikin agogo ya fara koya, kuma ya yi shawara da shahararren makaɗin Italiya Giovanni Battista Viotti. Tourte ya daidaita tsawon sanda da yadda kaurinta ke raguwa a hankali zuwa kai, ya riƙa yanko ta a miƙe bisa tsarin jijiyar katakon sannan ya lanƙwasa ta da zafin wuta maimakon ya sassaƙo ta a lanƙwashe, ya ɗaukaka kan domin gashi ya yi nesa da sanda, sannan ya sanya wani zoben ƙarfe mai faɗi a gindi wanda ke shimfiɗa gashin ya zama kamar tsiri maimakon dunƙulalliyar igiya. Fiye da shekaru 200 ke nan, ba a sami wanda ya kawo wani muhimmin sauyi a kan wannan tsari ba.

Izgar biyolin ta yau tana da tsawon kusan santimita 75, nauyinta kuma yana wajen giram 60, ta biyola wajen giram 70, ta celo wadda ta fi gajarta tana wajen giram 80, ta bas kuwa ta zarce su duka nesa. A ƙarshenta na sama akwai kai, wanda ake manna masa ɗan farin faifai domin kariya, a ƙasa kuma akwai dunduniya, wato ɗan katakon da ke riƙe da gashin, wanda akasari ake sassaƙawa daga baƙin katako na dangin kanya, a yi masa ado da ɓawon katantanwar teku mai sheƙi. Wata kusa mai murɗawa ce ke jan dunduniyar gaba ko baya domin a ɗaure gashin ko a sassauta shi, sannan daf da inda yatsu ke kamawa akwai naɗin zaren azurfa ko siliki da 'yar fata ta ɗora babban yatsa. Gashin kansa yakan kai sili 150 zuwa 200, mafi yawansa daga dawakin ƙasashe masu sanyi irin su Mongoliya da Saberiya, fari ga biyolin, baƙi mai kaushi ga wasu masu bas. Sai dai gashi abu ne mai ƙarewa da ake sauyawa lokaci-lokaci, saboda haka ba shi ake saye ba. Sandar ake saye.

Sandar kuma tun zamanin Tourte da katako guda aka san ta, wato pernambuko, wanda ake samu daga wata bishiya da ba ta fitowa a daji ko'ina a duniya sai a kurmin gaɓar tekun Atlantika na ƙasar Burazil. Turawan Fotugal da suka isa can a 1500 sun yi ta sarar bishiyar suna kai wa Turai saboda jan rini da ake samu a cikinta, har ƙasar ta samo sunanta daga sunan itacen, kuma ta hanyar wannan fatauci na masu rini ne katakon ya isa hannun maƙeran Faris. Abin da ya fifita shi shi ne ya haɗa halaye da ba kasafai suke haɗuwa a katako ɗaya ba: yana da nauyi ƙwarai, har mai kyansa yakan nutse a ruwa, yana da tauri ta yadda siririyar sanda za ta iya jure jan gashi, yana da tsalle wato yana komawa yadda yake da zarar an sake shi, kuma idan aka lanƙwasa shi da wuta yana riƙe lanƙwasar shekara da shekaru. Ba kowane gungume ne ke ba da wannan ba, domin mafi yawan abin da aka tsaga yakan tafi a banza saboda ƙulli ko karkatar jijiya. A shekarun 1980 wani maƙerin Italiya, Giovanni Lucchi, ya fito da na'urar da ke auna saurin tafiyar sauti a cikin katako, kuma masu sana'ar suna ɗaukar abin da ya haura mita 5,000 a daƙiƙa a matsayin katako nagari. Lambar tana da amfani ga maƙeri lokacin da yake zaɓen abin aiki, amma kuskure ne mai saye ya mayar da ita hukunci, tun da yake na'urar ba ta san yadda aka rarraba kaurin sandar ba, balle yadda aka dafa lanƙwasarta. Haka kuma ya kamata a lura cewa abin da shaguna ke kira katakon Burazil kawai, ba tare da ambaton pernambuko ba, galibi wasu itatuwa ne masu araha da ake yi wa ɗalibai izga da su.

Gwajin izga yana farawa ne da ido tun kafin a ɗora ta a kan tsirkiya. Mai saye yakan riƙe ta ta wajen kusa, ya kai gindinta kusa da idonsa, ya bi tsawonta da kallo har zuwa kai, domin ya ga ko ta karkace hagu ko dama, ko kuma kan ya murɗe ya bar layin dunduniya. Daga nan sai ya sassauta gashin gaba ɗaya ya duba ko cikin sandar ya sauko ya kusa taɓa gashin a tsakiya, alamar lanƙwasarta tana nan, sannan ya ɗaure a hankali har tazarar da ke tsakanin sanda da gashi ta kai kaurin fensir, yana lura da ko sandar tana miƙewa bai-ɗaya ko kuwa akwai wani gurbi da ya fi sauran rauni. Sandar da sai an ɗaure ta tamau kafin ta daina gogar tsirkiya ta yi laushi da yawa, wadda kuma ta ƙi ba da kai ko kaɗan idan an danna ta, ta yi tauri da yawa, kuma sautinta kan fito siriri mai kaifi. Bayan haka sai a ɗora ta a kan yatsa a nemo inda nauyinta ya daidaita, wanda a izgar biyolin yakan faɗo wajen santimita 24 zuwa 25 daga ƙarshen katakon na gindi. Wannan wuri ya fi nauyin da sikeli ke nunawa muhimmanci, domin izga mai giram 58 wadda nauyinta ya rinjaya wajen kai za ta fi gajiyar da hannu a kan mai giram 62 wadda nauyinta ke kusa da yatsu, kuma makaɗa da yawa sun mayar da sanda suna cewa ta yi nauyi alhali daidaitonta ne bai yi musu ba.

Sai kuma gwajin da ya fi kowanne, wato kiɗa da ita a kan gogen da za ta zauna da shi, ba wanda mai shago ya miƙo ba, domin izgar da ta buɗe muryar wani goge tana iya toshe ta wani. Masana sukan fara da ja guda mai tsawo a hankali, daga dunduniya har kai sannan a dawo, a kan tsirkiya ɗaya ba tare da wani ado ba, saboda a nan ne aibi ke bayyana: idan akwai inda sandar ke karkarwa, ko inda sauti ke ramewa musamman a kashi ɗaya cikin uku na wajen kai, wannan jan zai tona shi. Daga nan a gwada da ƙarfi a kusa da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiya ke hawa, a ji ko sautin yana ƙara cika ko kuwa yana murƙushewa, sannan a gwada can ƙasa-ƙasa a ji ko tana kama tsirkiya nan take ko sai ta yi ɗan shuu kafin amo ya fito. Bayan dogon ja sai gajeru, musamman salon da Italiyawa ke kira sifikato, inda ake barin izga tana tsalle a kan tsirkiya kamar ƙwallo, da ɗan'uwansa mai sauri wanda sandar ke yi da kanta a tsakiya ba tare da hannu ya ɗaga ta ba. Sanda tagari tana da wurin da take yin wannan tsalle cikin sauƙi kuma a iya sarrafa shi, maras kyau kuwa ko dai ta kwanta ta ƙi tashi ko ta yi ta zillo. A ƙarshe ya kamata makaɗi ya buga abin da ya saba bugawa, mai sanyi da mai zafi, domin izgar da ta yi fice a tsalle amma ta kasa jan dogon sauti mai taushi ba za ta yi wa mai kiɗa a babbar ƙungiya amfani ba, inda mafi yawan aikin na dogon numfashi ne.

Akwai wasu ladubba na gwaji da gogaggun malamai ke nanatawa, kuma duk manufarsu ɗaya ce, su hana ido da suna yaudarar kunne. Abin da makaɗi ke ji a ƙarƙashin haɓarsa ba shi ne abin da na ƙarshen zaure ke ji ba, saboda haka yana da kyau a tafi da aboki ko malami wanda zai tsaya nesa ya saurara, sannan su yi musanya, shi ya buga mai sayen ya saurara. Yana da kyau kuma a miƙo masa sandunan ba tare da an faɗa masa sunan maƙeri ko farashi ba, domin wanda aka gaya masa cewa ga mai tsadar, kunnensa zai ƙirƙiro mata daɗin da ba ta da shi. Ba a jera sanduna goma sha a zama ɗaya, tun da bayan huɗu ko biyar hannu yakan rikice. A ware biyu ko uku, a bar sauran. Manyan shaguna a Turai da Amurka sun saba ba da izga aro na kamar mako guda, kuma wanda ya ƙi amfani da wannan dama ya cuci kansa, domin hannu yakan ɗauki kwanaki kafin ya saki ɗabi'un da tsohuwar sanda ta koya masa, abin da ya yi daɗi ranar farko yana iya gundura ranar biyar. A tuna kuma cewa tsohon gashi ko wanda ƙaro ya yi masa yawa yana ɓoye halin sanda tagari, don haka idan ana shakka a nemi a sauya gashin kafin a yanke hukunci. Sayen izga mai tsada ta intanet ba tare da sharaɗin mayarwa ba cinikin biri a sama ne, komai kyan hoton.

Game da ko sanda mai zagaye ta fi mai kusurwa takwas, maganar ba ta kai yawan gardamar da ake yi a kanta ba, domin an sami nagartattu a kowane ɓangare. Haka zancen ƙarfen ado: al'adar maƙera ce su sa nikel a kan sandar ɗalibai, azurfa a kan ta ƙwararru, zinariya a kan katakon da suka fi alfahari da shi, saboda haka ƙarfen yana nuna ra'ayin maƙerin ne game da aikinsa, ba shi ke yin sautin ba.

Inda lissafi ke sauyawa gaba ɗaya shi ne wajen tsofaffin sandunan Faransa, waɗanda farashinsu ya daɗe da rabuwa da amfaninsu a kiɗa. Bayan Tourte, sunayen da kasuwa ta fi girmamawa sun haɗa da Dominique Peccatte, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1874 kuma aka san shi da sanduna masu ƙarfi da cikar sauti, da François Nicolas Voirin, daga 1833 zuwa 1885, wanda ya sirantar da kai ya sauƙaƙa nauyi, da Eugène Sartory, daga 1871 zuwa 1946, wanda makaɗan manyan ƙungiyoyi ke so saboda aikinsa bai cika bambanta daga sanda zuwa sanda ba. Dukansu ukun 'yan Mirecourt ne, wani ƙaramin gari a gabashin Faransa da ya zama cibiyar wannan sana'a. Ingila ma ta fitar da John Dodd da James Tubbs da gidan W. E. Hill & Sons na Landan, Jamus kuma tana da garin Markneukirchen da zuriyoyi irin su Nürnberger da Pfretzschner, waɗanda aikinsu kan yi araha a kan na Faransawa ba don ya gaza a hannu ba, sai don kasuwa ta riga ta zaɓi gwanayenta. A 2015 gidan Beare na Landan ya sayar da wata izgar Tourte a kan dala 288,960, a 2017 kuma wata ta kai yuro 576,600 a gwanjon garin Vichy na Faransa. Babu mai hankalin da zai ce wannan sanda ta ninka ta maƙerin zamani sau ɗari a daɗin sauti. Abin da aka biya shi ne tarihi da ƙaranci da tsammanin riba nan gaba. Wannan ciniki halal ne ga mai tara kayan tarihi, amma ɗalibi ko makaɗin da ke ci da hannunsa bai kamata ya auna kansa da wannan mudu ba.

Wanda ya ƙudurta sayen tsohuwar sanda mai suna kuwa, to ya sani cewa hatimin da aka ƙona a jikin katakon daf da dunduniya shi ne mafi raunin hujja. Tourte da kansa bai saba buga sunansa a kan aikinsa ba, alhali masana'antun Jamus sun fitar da dubban sanduna masu araha ɗauke da sunansa, da nufin nuna samfurin da aka kwaikwaya. Sartory tun yana raye ake buga jabun hatiminsa. A ɗaya gefen kuma akwai sanduna na gaske da ke ɗauke da sunan da ba na maƙerinsu ba, domin babban dillalin Faris Jean-Baptiste Vuillaume ya ɗauki Peccatte da Voirin da wasu aiki, sunansa ake bugawa a kan abin da suka ƙera, haka ma gidan Hill, inda ake gane ainihin ma'aikacin ta wata 'yar alama da ya bari a kan faifan kai, ƙarƙashin gashi, wadda ba a ganinta sai an ɗage gashin. Saboda haka kasuwar ta dogara ne a kan takardar shaida daga ƙalilan masanan da aka yarda da idonsu, irin su Bernard Millant da Jean-François Raffin, waɗanda suka wallafa babban kundin sandunan Faransa a shekarar 2000. Takardar ma sai an karanta ta da natsuwa, domin akwai bambanci mai girma tsakanin a ce aikin wane ne, da a ce daga shagonsa ta fito, da a ce salon makarantarsa ce, kuma ya kamata ta fayyace ko dunduniya da kusa na asali ne ko daga baya aka haɗa su da sandar.

Lafiyar sanda ita ma kuɗi ce. Wurin da ya fi haɗari shi ne wuyan da ke bayan kai, inda katakon ya fi siranta kuma jijiyarsa ta fi gajarta, domin faɗuwa ɗaya a kan daɓe ta isa ta fille shi. Gwanin gyara yana iya manne kan ya sa masa ɗan tsinken katako a ciki, har izgar ta ci gaba da kiɗa kamar da, amma mafi yawan darajarta a kasuwa ya tafi ke nan har abada. Wannan asara ce ga mai tarawa, amma dama ce ga makaɗi mai ƙaramin ƙarfi, wanda zai iya samun aikin babban maƙeri a farashi mai sauƙi, muddin an faɗa masa gaskiya kuma an rubuta ta a takarda. Abin ƙi shi ne gyaran da aka ɓoye, shi ya sa ake duba wuyan a ƙarƙashin haske mai ƙarfi, a duba ƙarƙashin naɗi inda ake iya lulluɓe tsagewa, a duba ramin kusa, a kuma duba inda yatsun masu ita na baya suka cinye katakon.

Ga mafi yawan makaɗa, hanyar da ta fi hankali ita ce maƙeran da ke raye. Sana'ar ta kusa mutuwa a Faransa bayan yaƙin duniya na biyu, sai da aka buɗe ajin koyar da ita a Mirecourt a 1971 ƙarƙashin Bernard Ouchard, wanda ɗalibansa irin su Benoît Rolland da Stéphane Thomachot suka farfaɗo da ita, kuma a yau akwai gwanaye a Faransa da Jamus da Amurka da Japan da Burazil kanta. Mai saye daga hannun maƙeri ba ya buƙatar masani ya tabbatar masa da asali, yana iya bayyana irin nauyi da taurin da yake so, kuma idan lanƙwasa ta saki yana da inda zai koma. Sai kuma sandunan zaren kabon, wato wani abu mara nauyi mai ƙarfi da ake haɗawa a masana'anta, waɗanda kamfanoni irin su CodaBow na Amurka da Arcus na Jamus suka yi suna da su. Makaɗa da dama suna ganin sautinsu bai kai na pernambuko mai kyau zurfi ba, kuma akwai gaskiya a wannan, sai dai a ƙaramin farashi sandar kabon takan fi ta katako mai araha nagarta nesa ba kusa ba, ba ta karkacewa, ba ta kuma damu da zafi ko laima ba.

Wani nauyi ya hau kan mai saye a wannan zamani wanda na da ba su san shi ba. Kurmin da pernambuko ke fitowa ya ragu zuwa ƙaramin kaso na yadda yake a da, saboda noma da birane da sarar ƙarnoni, Burazil ta ayyana bishiyar a matsayin bishiyar ƙasa a 1978, ta kuma sa ta cikin jerin masu fuskantar barazanar ƙarewa a 1992. A 2007 yarjejeniyar duniya mai kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu ƙarewa, wadda aka fi sani da CITES, ta sanya katakon ƙarƙashin sa ido, kuma daga 2018 hukumar muhalli ta Burazil ta ƙaddamar da samame da ya bankaɗo dubban sanduna da aka yanko ba bisa ƙa'ida ba. A taron Panama na 2022 Burazil ta nemi a sa itacen a matakin hani mafi tsanani, abin da zai jefa kowane makaɗi mai tafiya cikin wahalar neman izini, daga bisani aka daidaita a kan cewa duk abin da zai fita daga Burazil, har da ƙerarriyar izga, sai da takarda. Maƙera sun kafa nasu shirin dashen bishiyar tun wajen shekarar 2000, abin a yaba ne, amma dashe ba ya wanke katakon sata. Haƙƙin mai saye ne, kuma wajibinsa ne, ya tambayi maƙeri ko dillali yaushe aka ƙera sandar da inda katakon ya fito, ya kuma karɓi amsar a rubuce. Tsofaffin sanduna suna da tasu matsalar, domin faifan kansu sau da yawa hauren giwa ne, wasu dunduniyarsu ƙoƙon kunkurun teku ce, duka biyun kuma haramtattu ne a cinikin ƙasa da ƙasa. A 2014 jami'an Amurka sun riƙe izga 7 na makaɗan wata babbar ƙungiyar birnin Budapest a filin jirgin New York saboda zargin haure.

Makaɗin da ke zaune a Najeriya ko Nijar, ko yana koyo a makarantar MUSON ta Legas ko yana kiɗa a coci ko a sashen kiɗa na wata jami'a, yana da ƙarin abin lura, wato yanayi. Gashin doki yana tsawo idan iska ta yi laima, yana kuma tsukewa idan ta bushe, saboda haka izgar da aka sa wa gashi daidai a damina tana iya ɗaurewa da kanta a tsakiyar hunturu, ko da an sassauta kusar har ƙarshe, ta yi ta jan kan dare da rana a cikin akwati har wuyan ya tsage. Don haka a sassauta gashi duk lokacin da aka gama kiɗa, kada a bar akwati a mota cikin rana, a riƙa buɗe shi saboda ƙwarin da ke cin gashi a duhu, kuma wanda zai sa sabon gashi gabanin rani ya nemi a bar masa shi da ɗan tsawo. Tun da masu wannan gyara ba su da yawa a yankin, hikima ce mutum ya mallaki sanda biyu, ya fara da ta kabon mai kyau wadda za ta jure tafiye-tafiye da kiɗan fili, ya jinkirta ta pernambuko har sai hannunsa ya nuna ya kai ya san abin da yake nema. Idan lokacin ya yi, ya tafi da gogensa da malaminsa, ya gwada kafin ya ji farashi, kuma kada ya miƙa kuɗi sai an ba shi takarda mai ɗauke da sunan maƙeri da nauyin sandar da duk gyaran da aka taɓa yi mata da kuma asalin katakonta.